Gidan Zu na Kano, Gandun Jos, Sumu ko Yankari: Ina Ya Kamata A Kai Yara Ganin Namun Daji?

Yayata ce ta kira ni makon jiya, wai yara sun hana ta sakat sai an kai su sun ga giwa da zaki a hutun nan, ita kuma ta rasa inda za ta dosa, wannan ya ce mata ai ga gidan zu nan a Kano me za ki je nema a wani gari, wancan ya ce Jos ta fi, maigidanta kuma ya kafe shi dai Yankari. Mun kai kusan awa guda a waya, da muka gama na ce bari in zauna in rubuta, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba. Wurare huɗu zan ɗauka, gidan zu na Audu Bako a Kano, gandun namun daji na Jos, Sumu da ke Ganjuwa, sai Yankari.

Ga abubuwan da nake dubawa kafin in ce wa mutum je can. Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin ƙofa kawai nake nufi ba, shi ne ma mafi ƙanƙanta, man mota da wurin kwana da abinci su ke cinye aljihu. Na biyu wahalar zuwa, musamman in akwai goyo ko tsohuwa a tafiyar. Na uku, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi, yadda dabbar take zaune, keji ne na siminti da ƙarfe, ko fili ne mai shinge, ko kuwa dajinta ne na asali. Na huɗu tabbacin gani, wato in ka biya ka shiga lallai za ka ga abin da ya kawo ka? Na biyar haɗari. Sai kuma lokacin da ya dace a je, da abin da zai zauna a ran yaro bayan an dawo gida.

Na uku da na huɗu ba sa shiri, kuma a nan duk zaɓin yake. Duk inda dabba ta samu sarari ta sake, to ganinta sai an sha wuya, duk inda kuma aka ce maka tabbas za ka ga zaki da ƙarfe goma na safe, to ka sani zakin nan ba shi da inda zai je ne. Akwai wani gidan dabbobi da na taɓa kai ɗana yana shekara shida, muka tsaya gaban kura, tana ta kai-komo daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ƙafarta ta yi hanya a ƙasan kejin kamar turbar awaki, ba ta kalli kowa ba. Yaron ya ja min riga ya ce "Baba me take nema?" Wallahi har yau tambayar nan tana raina. Masana dabbobi sun daɗe da sanin cewa wannan kai-komon alamar ƙunci ce, dabbar da a daji take cin dogon zango cikin dare ɗaya an tsare ta a ɗaki. Shi ya sa manyan gidajen zu na duniya suka koma gina wa dabbobi wuri mai kama da inda suka fito, da ciyawa da duwatsu da ruwa da wurin ɓuya.

To mu fara da Kano.

Gidan zu na Kano tun zamanin Gwamna Audu Bako aka kafa shi, farkon shekarun 1970, shi ya sa yake ɗauke da sunansa, kuma har titin da yake kai sunan gidan ya ci. Wajen kuɗi babu na biyunsa a sauƙi, in kana cikin gari adaidaita sahu ɗaya ta ishe ka, ka biya ƙofa, ka sayi ruwa da ɗan abin taɓawa, da la'asar kana gida. Akwai manyan itatuwa da inuwa, mutum zai iya shimfiɗa tabarma iyali su zauna. Za a ga zaki, kura, jimina, kada, birai, mesa da tsuntsaye, kuma a kusa sosai, yaro ɗan shekara uku ma zai gane abin da yake kallo. Amma tsarin ginin na da ne, keji da ƙarfe, don haka a ma'auni na uku shi ne a ƙasa cikin huɗun. Haɗarinsa ba daga dabbobi yake ba sosai, cunkoso ne, ranakun sallah mutane kamar ƙasa, yaro na iya sulalewa cikin ƙiftawar ido, in da hali a je ranar aiki da safe. Mutane na yawan tuna zakin da ya fita daga kejinsa a watan Oktoban 2019, gaskiya ne ya faru, amma bai bar harabar gidan ba har aka samu aka mayar da shi. Abin da zan roƙa shi ne a hana yara jifan dabbobi da zungurarsu da kara, da ba biri alawa da leda, ledar nan tana kashe su.

Jos kuma wani abu ne tsaka-tsaki. Jos Wildlife Park an kafa shi a 1972 lokacin Gwamna Joseph Gomwalk, yana kan hanyar Miango, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8. Dabbobin a killace suke, amma killacewar a cikin daji take, ga duwatsun Filato, ga ciyawa, ga wani yanki na dogayen itatuwan fayin (pine) da in ka shiga ƙarƙashinsu iska na kaɗawa sai ka ji kamar ba a Najeriya kake ba. Wasu shingayen suna da faɗi, wasu kuma keji ne kamar na ko'ina, musamman na masu cin nama. Akwai tafiyar ƙafa sosai, a sa takalmi mai kyau, tsohuwa ko mai juna biyu za ta gaji. Daga Kano tafiyar kusan kilomita 300 ce, ba a yin ta a je a dawo rana ɗaya da yara, sai an kwana, amma Jos gari ne, masauki iri-iri, na mai ƙaramin ƙarfi da na mai hali, abinci ba matsala. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, don haka a Disamba da Janairu sanyin asuba ba wasa ba ne, a ɗauki rigunan sanyi. Ƙarin riba shi ne gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok, ga ƙaramin gidan zu a gefensa, ga kuma wurin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, yaron da ya tashi a Kano ko Zazzau zai ji daɗin ganinsu. Nan ma zaki ya taɓa kuɓucewa, a Disamban 2015, shi kam harbe shi aka yi. Sannan kowa ya san Jos takan yi lafiya ta kuma tashi, a kira ɗan uwa ko aboki da ke can a ji yanayin gari kafin a kama hanya.

Sumu mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Yana ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi, wajen Kafin Madaki, wato mai tahowa daga Kano ta Birnin Kudu da Ningi kusan kan hanyarsa yake. A 2006 aka kawo dabbobi daga ƙasar Namibiya aka sake su a wani yanki na daji da aka kewaye da shinge, akwai raƙumin dawa, jakin dawa da manyan barewa iri-iri. A nan dabba tana yawonta tana kiwo, kai ne ake zagayawa da kai a mota, kuma da yake wurin a kewaye yake damar ganinsu tana da yawa. Ganin raƙumin dawa ya miƙa wuya yana tsinkar ganye daga saman itace, ba ƙarfe tsakaninku, ya isa dalilin zuwa. Sai dai wanda ya zo don zaki da giwa zai koma da haushi, ba wurinsu ba ne. Kuma a sani waɗannan baƙi ne daga kudancin Afirka, ba irin namu na nan ba. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage, a yankin Kure kusan kilomita 60 daga Yamai, a 1996 guda 49 suka rage a duniya, da aka dage da kariya suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Wajen kuɗi Sumu ya fi Kano tsada saboda mai, amma bai kai Yankari ba, wuni ɗaya ya isa, a kwana a Bauchi. A tafi da abinci da ruwa daga gida.

Yanzu Yankari, kuma a nan zan daɗe don nan zuciyata take.

Yankari ba gidan zu ba ne, daji ne, murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi. Daga garin Bauchi za ka bi hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya zuwa Mainamaji inda ƙofa take, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki, jimilla sama da kilomita 100. Tun a wannan hanyar ake fara kallo, zabbin daji na tsallaka titi, gwaggon biri zaune a gefe yana kallon mota.

A nan ne ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Najeriya yake, ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150. A nan ne kuma wasu daga cikin ragowar zakin Afirka ta Yamma suke, irin da aka sa cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 2015, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kusan 400 kacal suka rage a duk yankin, a Najeriya kuma wuri biyu ne kawai, Yankari da Kainji. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, da tsuntsaye sama da iri 350. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana tallafa wa ma'aikatan gandun wajen sintiri da yaƙi da mafarauta, don giwayen nan sun sha wuya a hannun masu neman haure, ga kuma rikici da manoman ƙauyukan gefe idan garke ya shiga gona ya cinye amfanin shekara cikin dare ɗaya. Wannan ɓangaren ma ya kamata yaro ya ji shi, manomin da giwa ta yi wa ɓarna ba mugu ba ne, abincin iyalinsa ne ya tafi.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, babu wanda zai yi maka alkawarin giwa a Yankari, zaki kuwa mutum na iya zuwa sau biyar bai gan shi ba. Ana fita zagaye da safe da kuma yamma, a motar gandun ko taka in mai ƙarfi ce, tare da ɗan rakiya wanda ya san dajin. Zuwana na biyu mun yi awa biyu muna bin gefen kogin Gaji ba mu ga komai ba sai gwambaza da kashin giwa sabo yana tururi, yara sun fara gyangyaɗi, kawai ɗan rakiya ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Muka ji ƙarar karyewar reshe, sai ga su, uwa a gaba, ɗan ƙarami yana bin ƙafarta yana tuntuɓe da hancinsa, wasu biyar a baya, suka tsallaka hanya a hankali ba su damu da mu ba, ta juyo ta buɗe kunnuwa sau ɗaya ta wuce. Duka bai fi minti uku ba. Babu wanda ya yi magana a motar nan sai da muka kusa sansani. 'Yata da take shekara tara a lokacin yanzu ta girma, amma in aka yi zancen giwa wannan ƙaramin take kawowa.

Lokaci yana da muhimmanci sosai a nan fiye da sauran wuraren. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi sun taru a bakin Gaji, shi ne lokacin gani. Da damina daji ya rufe, giwa na iya tsayawa taku ashirin da kai ba ka sani ba, hanyoyin ciki kuma sun lalace. Maris da Afrilu sun fi yawan gani amma zafi ya yi tsanani, ga masu yara ni Janairu da Fabrairu nake ba da shawara.

Ko ba a ga giwa ba akwai ruwan Wikki, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Bakin da ruwan ke fitowa yana da zurfi, ya shanye babban mutum, yara su tsaya ta ƙasa inda bai da zurfi kuma ido na kansu. Iyalin da ba sa son cakuɗuwa su sauka da sassafe kafin jama'a su taru. Akwai kogunan Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, ga mai son tarihi.

Kuɗi kam Yankari ya fi duka ci, ƙofa, mota, ɗaki, kuɗin zagaye, abinci, kuma kwana biyu ne mafi ƙaranci in ana so a fita zagaye sau biyu ko uku. Ɗakuna hawa-hawa ne, daga na ɗalibai zuwa manya, a kira a kama tun kafin a taso musamman ƙarshen shekara, a tambayi farashin ranar don yana canzawa da tsadar mai. In gida biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka ɗauki bas ɗaya abin yana sauƙi ƙwarai. A cika tanki a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi, kar a dogara da turawa ta waya. Haɗari kuma kala uku ne. Gwaggon biri na sansani ba ya tsoron mutum, a gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya ya haye rufi, don haka a rufe ƙofa da tagar mota, kar a bar yaro da abinci a hannu a waje. Ƙudan tsando yana cizo da zafi a cikin daji, a sa riga mai dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi don su yake bi, ga sauro da dare. Na uku tsaro, a 'yan shekarun nan an riƙa jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri, a tambayi hukumar gandun halin da ake ciki, a yi tafiya da rana, kar dare ya riske ku a hanya.

Ga su a jere:

| Ma'auni | Kano | Jos | Sumu | Yankari |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | kaɗan | matsakaici | matsakaici | mai yawa |
| Kwana nawa | rabin wuni | kwana 1 zuwa 2 | wuni ɗaya | kwana 2 zuwa 3 |
| Zaman dabbobi | keji | shinge da keji cikin daji | fili mai faɗi a kewaye | daji na asali |
| Tabbacin gani | sosai | sosai | da yawa | sai an yi sa'a |
| Wahala | babu | tafiyar ƙafa, sanyi | nisa, guzuri | nisa, zafi, tsando |
| Abin lura | cunkoso | yanayin gari | babu zaki da giwa | birai, ruwa, tsaron hanya |
| Lokaci | ranar aiki da safe | duk shekara | rani | Disamba zuwa Afrilu |

In yaranka ba su wuce shekara biyar ba, ko kuɗin hannu kaɗan ne, ko wuni ɗaya kawai gare ka, je gidan zu na Kano hankalinka kwance, ɗan shekara huɗu ba zai iya zaman awa uku a mota yana jiran giwar da ƙila ba za ta fito ba, shi so yake ya ga zaki yanzu. Mutanen Yamai su ma suna da irinsa a gidan tarihi na Bubu Hama. In kana so a haɗa kallon dabbobi da shan iska da tarihi, kuma akwai waɗanda ba za su iya kwanan daji ba, Jos ce, haka ma malaman makaranta masu kai ɗalibai yawon buɗe ido don akwai abin koyarwa da yawa a wuri ɗaya. In burinka hoto da ganin dabba a sake ba tare da kashe kuɗin kwana uku ba, ko kana da hidima a Bauchi kana da wuni ɗaya a banza, Sumu. In kuma yaran sun kai shekara takwas zuwa sama, suna iya yin shiru in an ce su yi shiru, kana da kwana uku da mota mai lafiya, kuma ka shirya musu rai tun daga gida cewa ƙila a ga giwa ƙila ba a gani ba, to Yankari. Mai hali ma zai iya haɗa biyu, ya tsaya Sumu a hanyar zuwa ya kwana Bauchi, washegari ya wuce Wikki.

Yayata nata uku ne, babban yana 11, ta tsakiya 9, autan bai cika 3 ba. Na ce mata Yaya ki bar auta wurin Hajiya, ranar wata Talata a kai shi gidan zu ya ga jimina, ku kuma ku haɗa da gidan ƙanin maigidanki ku ɗauki bas ɗaya, ku kama ɗaki tun yanzu, ku tafi Yankari a Janairu.